Babi na Shida: 'Yar Bakanike

In ka zauna bakin titi a Godogodo ranar kasuwa da damina, za ka ga gwanintar babur irin wadda ba a ba kowa kofi a kanta. Yaron da ko gemu bai fara ba zai fito daga ƙauye da buhu biyu na masara a bayan Boxer, mai kayan na zaune a kan buhunan, ya ratso taɓo da kwazazzabai, ya kewaye tsofaffin ramukan da masu haƙar kuza suka bari, har ya hau kwalta bai sa ƙafa ƙasa ba. Ya san inda zai saki totur, ya san taya za ta zame tun kafin ta zame. In wani ya biyo bayansa yana lallaɓawa yana jan ƙafa, abokan tasha suna da maganar da suke jifansa da ita, kuma duk wanda ya taɓa zama a tashar acaɓa ya san ta: wai yana tuƙi kamar mace.

Na sha jin wannan magana ban ɗauke ta a bakin komai ba, sai ranar da na ga hoton wata 'yar Sifaniya a ƙarshen watan Satumba na 2018. Ta ɗora farar riga a kan kayan tserenta na fata, an rubuta kusan wannan maganar a jiki da Turanci, wai a yi tuƙi irin na yarinya. A ranar ta zama mace ta farko da ta ci kambun duniya ita kaɗai a tseren babur na kan kwalta, kuma maza ta kayar. Sunanta Ana Carrasco.

An haife ta ranar 10 ga Maris, 1997, a Cehegín, wani ƙaramin gari a yankin Murcia da ke kudu maso gabashin Sifaniya, garin da Kafanchan ta fi shi jama'a nesa ba kusa ba. Mahaifinta bakaniken babura ne, ya kuma yi wa 'yan tsere aiki. Ɗan ƙaramin babur ɗin da ta fara hawa ma ba nata ba ne. Yayarta aka ba, yayar ba ta damu da shi ba, ita kuwa tana da shekara uku ta ɗare. Tana da huɗu ta shiga gasar farko. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ne, amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne garejin. Yaron da ya tashi cikin warin fetur da baƙin mai, yana miƙa sifana, kunnensa kan iya harshen inji tun bai iya karatu ba. A tsere wannan rabin sana'a ne, domin ɗan tseren da ba zai iya dawowa ya gaya wa makanikansa ainihin abin da babur ke yi masa a kwana ba, ko ya fi kowa zuciya, a baya zai ƙare.

Ta kuma yi sa'ar ƙasa. A Sifaniya tseren babur yana da tsani kamar na makaranta: gasar yara a kan ƙananan babura, gasar yanki, gasar ƙasa, sa'an nan ajujuwan duniya uku, Moto3 da Moto2 da MotoGP. Kamfanin Dorna da ya daɗe yana gudanar da gasar duniyar na can ne, kuma shekara da shekaru ƙasar kaɗai tana karɓar tsere huɗu a kaka guda, a Jerez da Barcelona da Aragón da Valencia. Yarinyar ta bi tsanin nan taki-taki. A 2011 tana gasar ƙasa, a 2013 tana da shekara 16 ta shiga Moto3.

Bari in ɗan tsaya domin mai karatun da bai taɓa kallon abin ba. Ba a kan titin jama'a ake yi ba. Fili ne na musamman, kwalta mai lanƙwashe-lanƙwashe da ta kai kilomita huɗu zuwa biyar, ta zagayo ta haɗe, ana kewaya ta sau goma sha wani abu ko ashirin. Kafin ranar tsere kowa yakan yi zagayen gwaji da agogo, wanda ya fi sauri shi ke tsayawa a sahun gaba wajen tashi. Na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 20, na uku 16, haka abin ke raguwa har na goma sha biyar mai maki ɗaya, a ƙarshen kaka a tara. Babur ɗin Moto3 cc 250 ne, Boxer ɗinmu kuwa 100, amma gudunsa ya wuce kilomita 200 a awa. A kwana mahayi yakan kwantar da shi har gwiwarsa ta goga ƙasa, shi ya sa ake maƙala wani ɗan faifan roba a gwiwar wandon fata. Miƙaƙƙiyar hanya kowa ya iya murɗa totur. Inda ake bambanta gwani da ɗan koyo shi ne wa zai fi jinkirta taka birki kafin kwana, wa zai riga buɗe wuta bayanta.

Shekararta ta farko ba ta yi laifi ba. Abokin ƙungiyarta Maverick Viñales shi ya ci kambun ajin a shekarar, ita kuwa ta sami makinta na farko a Malesiya, ta rufe kaka da zuwa ta takwas a Valencia. Aka fara cewa ga wata ta taso.

Daga nan sana'ar ta nuna mata ɗaya fuskar. Jama'a suna zaton duk wanda ya kai gasar duniya ya warke, albashi kawai yake kwasa. A ƙananan ajujuwa sau da yawa akasin haka ne: ɗan tsere ne ke kawo wa ƙungiya kuɗi, daga masu ɗaukar nauyinsa ko daga aljihun iyayensa, kafin a ba shi babur da makanikai. Taya tsere ɗaya take yi a jefar. Faɗuwa ɗaya na iya cinye abin da zai sayi babura da yawa irin na tashar Godogodo. Ga jigilar kaya da mutane daga Turai zuwa Asiya zuwa Amurka. Wannan ya sa jikin ɗan tsere ya cika da sunayen kamfanoni tun daga hular kwano har takalmi, kamar allon talla mai tafiya. A 2014 Carrasco ta koma wata ƙungiyar Holan, RW Racing, kuɗin masu ɗaukar nauyi ya yanke, ba ta ƙarasa kakar ba. Ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma kasawa ba. Tana gida lafiyarta ƙalau ana tseren ƙarshe babu ita.

A 2015 kuɗi ya samu, jiki ya ƙi. Ta karya ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa tun kafin a fara, ta dawo, suka yi karo da 'yar ƙasarsu María Herrera a Jamus, ta sake samun karaya a kafaɗa har sai da aka yi mata aiki. A riƙe sunan Herrera, za ta dawo. Shekarar 2016 ta wuce a wata gasar Turai ba abin kirki. Tana da shekara 19, a sana'ar da ake tsufa da wuri, an fara maganarta kamar labarin da ya wuce.

Abin da ya cece ta sabon aji ne da aka buɗe a 2017, Supersport 300, inda ake tsere da baburan da ake sayarwa a shago, an ɗan gyara su. Kuɗin shiga da sauƙi, kuma injunan kusan ƙarfinsu ɗaya, don haka ba mai tsere wa wani da ƙarfin aljihu kaɗai. Mahaya sukan dunƙule kamar tururuwa, goma ko fiye, har zagayen ƙarshe. A nan wata dabara ke aiki. Babur mai gudu yana tsaga iska, ya bar wani rami a bayansa inda iskar ba ta da nauyi. Wanda ya laɓe a cikin ramin nan injinsa na hutawa, gudunsa na ƙaruwa, in ya auna daidai sai ya fito gefe ya wuce kamar an harba shi. Saboda haka a irin wannan tsere wanda ya fito kwanar ƙarshe a gaba shi ne abin tausayi. Ranar 17 ga Satumba, 2017, a Portimão ta ƙasar Fotugal, Carrasco a kan Kawasaki ta bar wasu samari biyu suka riga ta fitowa kwanar, ta laɓe, ta fito, ta riga Alfonso Coppola taka layi da daƙiƙa 0.053. Ƙiftawar ido ta fi wannan tsawo. Mace ba ta taɓa cin tseren gasar duniya na kan kwalta ita kaɗai a kan babur ba sai ranar.

In aka tambaya me ya sa aka daɗe haka, amsar ba a jikin mata kaɗai take ba, tana cikin littafin doka ma. A 1962 wata Baturiyar Ingila, Beryl Swain, ta shiga shahararren tseren tsibirin Man a kan ɗan babur mai cc 50, ta zo ta 22. A shekarar da ta biyo hukumar tseren babura ta duniya ta janye lasisinta, bisa tunanin cewa abin ya fi ƙarfin mata kuma mutuwar mace a fili za ta ɓata sunan wasan. Sai a 1978 wata mace ta sake tsere ita kaɗai a tsibirin. Wanda aka hana shiga kokawa shekara goma sha biyar, ba a tambayarsa me ya sa bai kayar da kowa ba.

Kakar 2018 ta fara mata kamar da wasa. Tana ƙungiyar David Salom, a kan Kawasaki Ninja 400, ta ci Imola a Italiya da tazarar da ba a saba gani ba a ajin, ta ci Donington a Ingila. Sai maganar nauyi ta taso. Hukuma tana ƙayyade mafi ƙarancin nauyin babur da mahayinsa a haɗe, domin kada marar nauyi ya ci bulus a miƙaƙƙiyar hanya, kuma a tsakiyar kaka aka sake gyara ƙa'idojin daidaita baburan. Ita ƙaramar mace ce, dole aka ɗaura wa babur ɗinta ƙarfe na kilo da dama. A takarda adalci ne, kilo kilo ne. Amma a tambayi kowane ɗan acaɓa bambancin ɗaukar mutum da ɗaukar buhun siminti. Mutum yana bin ka in ka kwanta a kwana, buhu kuwa ba ruwansa, inda ya nufa can yake son zuwa. Saurayi mai jiki nauyinsa na ƙwanji ne, yana juya shi yadda ya so. Nata mataccen nauyi ne, sai ta yi kokawa da shi a kowace kwana. Tseren da suka biyo baya ta sha wuya, tazarar makin da ta tara ta yi ta narkewa.

Aka zo na ƙarshe a Magny-Cours ta Faransa, ranar 30 ga Satumba. A gwaji ta yi rashin sa'a, ta tashi daga matsayi na 25. Abokin hamayyarta Mika Pérez, shi ma ɗan Sifaniya, yana can gaba, kuma lissafi a fili yake: in ya zo na ɗaya ita tana can baya, kambu nasa ne. Ita ta yi ta kutsawa, tana wuce wannan tana wuce wancan, har ta kai ta 13, mai maki uku. A zagayen ƙarshe Pérez ne a gaba. Saura kwana kaɗan a gama, wani yaro mai suna Dani Valle, wanda ba ya cikin masu neman kambun ko kaɗan, ya shige gabansa. Maki 25 suka koma 20. Da aka tara, Carrasco 93, Pérez 92. Ita kanta ta tsallake layi ba ta san ta ci ba, sai da aka gaya mata. Ta sadaukar da kambun ga abokinta Luis Salom, ɗan uwan mai ƙungiyar, wanda ya rasu a faɗuwar da ya yi a filin Barcelona a 2016.

Masu ƙorafi sun ce sa'a ce, sun ce kuma ajin na 'yan koyo ne. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, ban ga amfanin musu ba. Sai dai sa'ar ta tarar da ita da maki 90 a hannu, kuma maki ukun nan da ta ƙwato daga can baya da ta yi sanyin gwiwa ta tsaya a ta 15 da ba su ishe ta ba. Samari fiye da talatin ne a ajin, kowannensu da irin babur ɗinta da irin burinta. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Irin tuƙin yaron nan na Godogodo ma yana da gasarsa a duniya, kuma ta taɓa bi ta ƙofar gidanmu. Tseren Paris zuwa Dakar na farko ya tashi ranar 26 ga Disamba, 1978, ya keto Sahara ya bi ta Agadez da Yamai, kuma cikin waɗanda suka kai Dakar a kan babur har da mace, Martine de Cortanze 'yar Faransa. Jutta Kleinschmidt ta Jamus, wadda ta ci gasar gaba ɗaya da mota a 2001, da babur ta fara. Bayan an soke na 2008 saboda tsaro a Muritaniya aka kwashe tseren zuwa Kudancin Amurka, daga baya Saudiyya. A Kudancin Amurka Laia Sanz ta Sifaniya ta zo ta tara cikin maza a 2015, kuma sau goma sha ɗaya a jere tana kai babur ɗinta ƙarshe. A 2020 Kirsten Landman ta Afirka ta Kudu ta kammala shi, shekara bakwai bayan wani hatsari a tseren hamadar Botswana da ya kwantar da ita kwana da kwanaki ba ta san inda take ba. Shekaru aka yi wannan ƙura tana tashi a ƙasar Nijar, yara na ɗaga hannu a bakin hanya, ta wuce ba ta bar mana ko filin koyo ba.

Mata a kan babur kuwa ba baƙon abu ba ne a yankinmu. A Kafanchan za ka ga malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti a kan ɗan ƙaramin babur ɗinta ba mai waiwayenta, a Wagadugu kuwa mata ne rabin titi. A Legas, da ƙungiyoyin masu manyan babura suka ƙi karɓar mata, sai matan suka kafa tasu, D'Angels, a 2009. Abin da babu shi ne matakin da ke tsakanin iya hawa da zama ɗan tsere. Yaron da ya fi kowa hannu a garinsu, iyakarsa tashar acaɓa, ko wasan ganganci a ranar ɗaurin aure, ya ɗaga tayar gaba a tsakiyar jama'a ba hular kwano, ba likita a kusa, ba mai riƙe agogo. In ya faɗi a ce ƙaddara, in bai faɗi ba a yi masa tafi, gobe ya koma ɗaukar buhu. Ƙanwarsa kuwa, ko da uban bakanike ne, ba a ma kai ga tambayar ko tana da hannu ba.

Kambu bai sa ƙashi ya daina karyewa ba. A 2019 Carrasco ta zo ta uku. A watan Satumba na 2020, tana cikin masu neman kambun kuma, ta faɗi a gwaji a Estoril ta Fotugal ta karya ƙashin bayanta. Aka yi aiki, ta yi watanni tana koyon abin da yaro ke yi ba tunani, lanƙwasawa da juyawa. A watan Yuni na 2021, wata tara bayan faɗuwar, ta ci tsere a Misano. Ta kuma yi karatun lauya a jami'a a Murcia, domin wanda abincinsa ke rataye a ƙashin baya ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Komawarta Moto3 a 2022 da 2023 ba ta yi daɗi ba. Yaran ajin sun canza, gudun ya ƙaru, mafi yawan lokuta a can baya take ƙarewa, daga bisani ta karya ƙafa a Indunusiya.

A 2024 aka buɗe gasar duniya ta mata zalla, kowace a kan Yamaha R7 iri ɗaya, tsere goma sha biyu a filaye shida na Turai. An yi ta gardama a kai. Wasu na ganin an kai mata ɗakin baya ne bayan sun nuna za su iya zama a zaure, wasu na ganin yarinyar da ba ta taɓa ganin mace a sahun tashi ba ba za ta roƙi ubanta babur ba. Ni na fi karkata ga na biyun, in dai ƙofar zauren ta zauna a buɗe. Daga Afirka an ga tutar Afirka ta Kudu a sahun, Nicole van Aswegen na cikin masu ɗauke da ita. Kambun kuwa tsakanin mutum biyu ya tsaya tun daga Misano har Jerez: Carrasco da María Herrera, wadda suka yi karo a Jamus shekara tara baya. A tseren ƙarshe, a watan Oktoba, Herrera ta faɗi a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe, Carrasco ta ɗauki kambunta na biyu.

Ba ta tsaya kare shi ba. A 2025, tana da shekara 28, ta hau Honda mai cc 600 ta koma cikin maza a ajin Supersport, kambun matan kuma Herrera ta ɗauka.